Rahoton Ayyukan Shekara: Bin Sawun Iyayenmu Mata a Tarihin Mishan

Iyaye da 'yan'uwa membobi, bayan gaisuwa mai yawa, ga abin da kwamiti ya aiwatar a shekarar da ta ƙare.

Wusasa, da ke gefen birnin Zariya, ce ta fi cin lokacinmu. Labarin da aka saba ji shi ne na Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS (Church Missionary Society, ta cocin Angilika), wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ɗin ta koma Wusasa a 1929. An kuma san mazajen da suka tashi a wurin, irin su Dakta Dikko, Farfesa Ishaya Audu da Janar Yakubu Gowon. To, su wa suka yi renonsu? Su wa suka karɓi haihuwa a asibiti, suka koya wa 'yan mata karatu da ɗinki, suka shiga gidajen kulle inda namiji ba ya taka ƙafa, balle Bature? Da wannan tambaya muka je gaban tsofaffi mata, muka naɗi muryoyinsu bayan sun yarda. Sai ga su suna jero sunayen ungozomomi da malaman aji kamar jiya aka rabu. A hotunan da iyalai suka ba mu aro, sau da yawa an rubuta sunan Baturiya a baya, matan da ke tsaye gefenta kuwa ko oho. Iyayen nan sun gane da dama daga cikinsu, mun kuma rubuta.

Aikin Rumasha, a bakin kogin Binuwai, bai yi nisa ba saboda damina da tsadar mota. Can mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) ta buɗe gidan 'yantattun bayi a 1909, aka sa masa sunan Lucy, matar Karl Kumm, wanda ya kafa mishan ɗin. Jikokin 'yan matan da suka girma a gidan muke nema, kuma a ganin kwamiti wannan ne aikin da bai kamata ya sake kwana ba, don masu labarin suna ƙarewa.

Ma'aji za ta karanta lissafin kuɗi a babban taro. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a tuna da mu.

A shekara mai zuwa za mu tattara waƙoƙin Zumuntar Mata, da labarin matan da suka koya wa 'yan'uwansu karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa bayan fitowarsa a 1932. Duk mai tsohon hoto ko wasiƙa a akwati ya kawo ranar taro. Za mu ɗauki kwafi, mu mayar masa da abinsa nan take.

Sakatariya, a madadin kwamiti