Gangare yana nuna alama kafin ya zube

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wallahi shirinku na daren Laraba ya ɓata mini rai. Har sau uku baƙon da kuka kawo yana cewa zaftarewar ƙasa ba ta sallama, sai dai kawai a wayi gari a gani. Shi kuma mai gabatarwa sai "haka ne, haka ne" yake ta yi. To, ba haka ba ne.

Shekarata 14 ina jan mota tsakanin Serti da Gembu a Jihar Taraba. Duk direban da ya saba da hawan Mayo Selbe, inda ake haurawa tsaunin Mambila, ya san gangare yana nuna alama. Za ka ga tsaga can sama, siririya kamar an ja ta da wuƙa. Itatuwa su soma karkata. Ruwa mai kalar kunun kanwa ya riƙa tsatsowa daga inda da ko danshi babu. Wata damina, cikin Agusta, muna hawa da safe yaron motata ya nuna mini irin ruwan nan. Washegari da muka juyo, jar ƙasa da duwatsu sun binne hanya. Kwana biyu muka yi a wurin, ayabar da na ɗauko ta nuna, ta ruɓe a cikin mota. Tabon na nan har yau a jikin dutsen, ja wur. Ƙasar da ta sauko kuwa ta tokare rafi ta karkatar da shi, wani ma ya shuka masara a kanta.

Abin ba tsafi ba ne. Ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, ta yi nauyi, dutsen da take kwance a kai ya yi santsi, ga shi an riga an sare mata gindi wajen fitar da hanya ko filin gida. Me zai riƙe ta?

Da bakinku kuka ambaci Saliyo, inda dutsen Sugar Loaf ya ci fiye da mutum 1,000 a 2017, da Bafusam ta Kamaru, mutum 43 a 2019. Sannan ku ce wa mai ɗaki a gindin dutse babu abin da zai duba? Mun yarda da ƙaddara, amma an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku dawo da shirin nan, ku gayyato direba ko manomin Nguroje da ke kan tsaunin.

Af, ku rage tallan maganin basir ɗin nan. Na kira layinku, ana ɗauka sai talla ta shigo, katina ya ƙare.

Mai sauraronku,
wani direba daga Serti, Jihar Taraba