Wasiƙa kan birekar da ke yawan faɗuwa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya ruwan Fatakwal? Nan Zariya ma damina ta kankama, sai godiya.

Na ga saƙonka kan birekar gidanka, wato makunnin akwatin wuta mai katse wuta da kansa, da ke faɗuwa yadda ta ga dama, da shawarar da aka ba ka cewa a cire ta a haɗe wayoyin kai tsaye kowa ya huta. Don girman Allah kada ka yarda.

Ƙananan birekun da ke jere, masu lamba 10 ko 16 ko 32, suna faɗuwa ne in kaya ya yi wa waya yawa ko wayoyi suka haɗu. Taka kuwa, yadda ka kwatanta ta, ita ce mai faɗin nan da ke da maɓallin gwaji, an rubuta mata 30mA, wato miliam 30, ɗan ƙaramin awon wuta. Aikinta awo ne: wutar da ta shiga ta wayar layif dole ta dawo cif ta wayar nutral. Da zarar wani abu ya zurare ta ƙasa, ko ta jikin mutum, ya kai tsakanin miliam 15 zuwa 30, sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Ke nan akwai yoyo a gidanka, kuma ita ce ke tare shi kafin ya sami yaro mai jiƙaƙƙen hannu a banɗaki.

Abin da ke sa ta faɗi yau ta ƙi gobe shi ne yoyon ba kullum yake cika mudu ba. Firji na zubar da kaɗan, kwamfuta da inbata kaɗan, duk lafiya lau, sai hita ta kama ko a yi ruwa, jimillar ta haura. Saboda haka ka ajiye takarda kusa da akwatin wutar. Duk sanda ta faɗi, a rubuta lokaci, da abin da ke kunne, da ko an yi ruwa. Uwargida za ta fi ka riƙe wannan, ita ke gida. In da tsakar dare ne, ka zargi firji. In bayan ruwan sama ne, je ka ƙwan waje, da soket ɗin bayan gida, da inda aka yi wa wayar famfon burtsatse haɗi aka naɗe da salatif. A garinku mai laima, nan zan fara kai ido. Hitar wanka da dutsen guga ma sukan tsage a ciki, ba sa nuna hali sai sun yi zafi.

Ga inda mutane da yawa ke ɓata lokaci. Kashe makunnin soket ba ya fitar da kaya daga zargi, domin galibi layif kaɗai yake yankewa, nutral na nan a haɗe. In nutral ɗin wani abu na taɓa wayar at, wato wayar kariya mai zuwa ƙasa, birekar za ta ci gaba da faɗuwa ko yana kashe, kuma sai wani kaya daban mai jan wuta ya tashi take faɗuwa, a yi ta zargin marar laifi. Zare fulogi gaba ɗaya. Ka zare duka, ka riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya, kana ba kowanne yini guda, firji kawai za ka bari. Abin na son haƙuri.

In kuwa lokacin da aka kawo wuta ko aka juya zuwa janareta take faɗuwa, a duba canjoba, abin juya wuta tsakanin layi da janareta, wataƙila layif kawai take juyawa an bar nutral a cakuɗe.

Iyakarka ke nan, kada ka kwance murfin akwatin da kanka. Nemi mai gyaran wuta da ke da mega, na'urar da ke tura bolt 500 cikin waya ta gano inda rufinta ya mutu. Wanda ya zo da testa kaɗai a aljihu ya ce bireka ce ta lalace, ka ba shi kuɗin mota ya tafi. Takan lalace, gaskiya ne, amma sai an wanke sauran tukuna. Ka danna maɓallin gwajin ma, in ba ta faɗi nan take ba, to lallai a sauya ta.

Ka turo min hoton akwatin da na takardar in ta cika mako. A gaida uwargida da yara. Su Baba na gaishe ka, suna tambaya ko za ka zo babbar Sallah.

Naka har kullum,
Amininka na Zariya