Wasiƙa zuwa Damagaram a kan sunayen taurari da asalinsu

Jos, Jihar Filato

Aminina Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Mu ma nan ƙalau muke, sai dai sanyin hunturun Jos da ka sani. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayarka a kan yadda za mu riƙa faɗin kalmomin ilmin falaki da Hausa, tunda ku da Faransanci kuke koyarwa, mu da Ingilishi, alhali yaran da ke gabanmu harshe ɗaya suka tashi da shi.

Ra'ayina shi ne kada mu karɓi kalma ko mu ƙi ta sai mun bi sawunta, domin da yawa daga cikin waɗanda muke zaton na Turawa ne, su ma aro suka yi. Kalmar "zenith", wadda littattafanku da namu suke kiran tsakar sama da ita, daga Larabci take, "samtur ra'as", wato hanyar da ke bisa kai, kuma kuskuren masu kwafe littattafai zuwa Latin ne ya sauya mata kama. Jan tauraron nan "Aldebaran" shi ne Addabaran, mai bin baya, saboda yana fitowa ne a bayan Surayya, wadda mu muke ce wa kaza da 'ya'yanta. Hatta sifirin da muke faɗa, shi ne ya haifi "zero" da kuma "chiffre" naku. Malamanmu na zaure sun san irin waɗannan kalmomi tun kafin zuwan boko, kuma kada ka manta da Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen nan masanin hisabi da taurari wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Ɓangaren da ya fi jan hankalina shi ne na Farisa, domin mun saba jingina komai ga Larabawa, alhali da yawa daga cikin manyan masanan Farisawa ne da suka yi rubutu da Larabci. Littattafan jadawalin tafiyar taurari ana ce musu "zij", kalmar Farisanci ce da asalinta ke nufin zare a sana'ar saƙa, saboda layukan jadawalin sun yi kama da zaren tsaye da na kwance. Abdurrahman Assufi, mutumin Rayyi kusa da Tehran ta yau, ya bayyana tarin taurarin Andromeda a littafinsa na shekarar 964 a matsayin ɗan ƙaramin gajimare, ƙarnoni shida da wani abu kafin a ƙera madubin hangen nesa. Sai kuma farin zanen nan da ke ratsa sama a daren da babu wata. Girkawa da Rumawa sun ga madara, shi ya sa Ingilishi da Faransanci suke ce masa hanyar madara, amma Farisawa suna ce masa "kahkashan", wato jan kara, kamar an ja dami ya yi ta zuba a kan hanya. A ganina ɗan manomi a Damagaram zai fi saurin kama wannan hoton bayan an gama girbin gero.

Iran ta yau ma ta sha fama da irin matsalarmu. Tun da aka buɗe makarantar Darul Funun a Tehran a 1851, kalmomin kimiyya na Faransanci suka cika Farisanci, daga baya hukumarsu ta harshe ta shiga ƙirƙirar nasu. Abin da muke kira tauraron ɗan Adam, su "mahvareh" suke cewa, ma'ana mai kama da wata. Tamu kalmar ta zauna daram, domin lokacin da hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, da ke Abuja ta sa aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumba 2003, ba a sha wahalar yi wa masu sauraron rediyo bayani ba. Haka ma tauraruwa mai wutsiya, wadda ta fi "comet" bayyana ga yaro, ko da yake ita ma asalinta a Girkanci mai dogon gashi take nufi.

Duk da haka, ban yarda a fassara komai ba. Lavoisier, Bafaranshen nan masanin sinadarai, ya raɗa wa iskar oksijin suna ne da ma'anar mai haifar da tsami, bisa zaton cewa babu sinadari mai tsami da bai ƙunshe shi ba, kuma daga baya aka tabbatar ba haka ba ne. Wanda ya fassara wannan suna ya fassara kuskure, saboda haka gara a bar shi oksijin, ya yi daidai da alamar O da ɗalibi zai tarar a jarrabawa ko a Yamai ko a Abuja.

Inda muke da babban giɓi shi ne kalmar "planet", wadda a Girkanci take nufin mai yawo, domin suna sauya wuri a tsakanin sauran taurari. Kafofin labarai kan ce duniyar Mars, mu kuma muna kiran Zara tauraruwa duk da cewa hasken rana take maidowa, kuma wannan yana rikita ɗalibai ƙwarai. Shawarata ita ce mu gwada cewa tauraro mai yawo, sannan mu riƙe sunayen da malamanmu suka gada daga Larabci, wato Uɗaridu (Mercury) da Zuhura (Venus, wato Zara) da Mirrihi (Mars) da Mushtari (Jupiter) da Zuhalu (Saturn), tunda iyakar ƙasa ba ta raba mu a kansu ba.

Ina roƙonka ka zauna da tsofaffin manoma da makiyayan wajenku, ka rubuto mini sunayen da suke kiran taurarin da suke gane shigowar damina da su, ni ma zan yi hakan a nan, sai mu kwatanta. Ka gaida uwargida da yara, da dukan malaman makarantarku. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
amininka na Jos