Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Kayan Tarihin Ƙungiyarmu Ta Ƙwallon Ƙafa

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwar ban girma, mu talakawanka, tsofaffin 'yan wasa da magoya bayan ƙungiyar nan, mun durƙusa gabanka da kukanmu. Ba mu so mu dami fada da zancen tamaula ba, amma tura ta kai bango.

Ranka ya daɗe, ranar Talatar da ta wuce aka ɓalle siton da ke ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, wai za a ba wani haya. Ba a shawarci kowa ba. Aka kwaso kayan ciki kaf aka jibge a bakin kwata, daren nan kuwa aka kwana ana tafka ruwa. Da safe muka tarar rajistar 'yan wasa ta jiƙe ta manne, ka ɗaga shafi ya biyo hannunka. Tsohon golanmu, wanda yanzu sai da sanda yake tafiya, shi ya sunkuya ya zaro hoton ƙungiya daga taɓo. Yana sharewa da hannun riga, fuskokin abokan wasansa na gogewa tare da taɓon, mafi yawansu ma sun riga mu gidan gaskiya. Kofin da muka ɗauka shekarar da muka hau rukuni na biyu kuwa, a hannun 'yan jari bola muka same shi, har an ɗora shi kan sikeli. Mu muka yi karo-karo muka fanso kayanmu da kuɗinmu.

Mun san mu ba manya ba ne. Mun daɗe a ƙasa, muna hawa muna zamewa. To amma ƙungiyar da ke ƙasa ba a nuna wasanta a talabijin, ɗan jarida ba ya bin ta garuruwa. Duk tarihinta yana cikin sito irin wannan, sai abin da ya rage a kan dattawa. Raccah Rovers ta ɗauki kofin lig na Najeriya a 1978, yau sai dai ka ji sunanta a bakin masu furfura. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka a 1988, yara nawa suka san haka? Idan waɗannan sun dusashe, ina ga mu? A Ingila ma, Bury da aka kafa a 1885, wadda ta ci kofin FA a 1900 da 1903, an kore ta daga lig a 2019 saboda matsalar kuɗi. Sai dai su magoya bayanta sun samu dama sun sayi filinsu a 2022. Mu ko makullin sito ba a yarda an ba mu ba.

Mun je wurin shugabanni, mun rubuta, mun sake rubutawa, bara da bara waccan, mun zauna da kwamiti bayan kwamiti. Amsar ɗaya ce: za a duba. Ga dubawar nan mun gani a bakin kwata.

Don haka muke roƙon Sarki, uban kowa, ya sa a kira wanda ya ba da umarnin nan ya faɗi dalilinsa a gaban fada. A dakatar da hayar siton. A sa a nemo sauran kofuna da rigunan da ba mu gani ba kafin a narkar da na narkarwa. Muna kuma jin raɗe-raɗin za a sayar da gurbinmu na gasa, a sauya wa ƙungiya suna. Idan ƙarya ne a fito a ƙaryata, idan gaskiya ne Sarki ya taka masa birki. Kuma dai, ranka ya daɗe, a kira mutumin nan.

Abin da muka tsinto yana shanye a tsakar gidan tsohon golan. Muna roƙon a ba mu ko ɗaki ɗaya ne mai makulli mu ajiye, kafin wani hadarin ya taso.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Tsofaffin 'yan wasa da magoya bayan ƙungiya