Barka da Takutaha daga Leicester

Leicester, Ingila
Oktoba 2021

Assalamu alaikum Baba da Umma,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kun yi Maulidi lafiya, kuma an wayi garin Takutaha lafiya. Allah Ya maimaita mana. Na san tun da hantsi auta ya bi yaran unguwa sun nufi Dala, Umma kuma na ta ja masa kunne kada ya shiga turmutsutsu. Mu a nan ranar aiki ce, sai da na taso sannan na samu zama na rubuto muku.

Umma, kullum tambayarku sanyi. Ya fara shigowa, amma da sauƙi tukuna. Abin kallo yanzu itatuwa ne. Da yini ya fara gajarta sai bishiya ta janye koren ganyenta, wasu launuka su fito: wani ruwan ɗorawa, wani ja jawur, wani ruwan ƙasa. Layinmu kaf ya rine kamar an tsoma shi a lalle. Ranar hutu na je Bradgate Park, wani dajin shaƙatawa a bayan gari, inda akwai itatuwan da suka shekara ɗaruruwa, cikinsu ya rarake amma suna nan tsaye. Barewa ke yawo a sake ba mai farautarsu. Wannan watan ne lokacin barbararsu, mazan na ta ruri suna karo da ƙaho, har an kafa alluna ana gargaɗin mutane su tsaya daga nesa. Sai dai kyan ganyen a sama yake. In ya zubo ruwa ya jiƙa shi, santsi ne da shi, har jirgin ƙasa yana makara saboda ganyen da ya manne a kan dogo.

Baba, ku da kuke cewa ƙwallo aikin marasa aiki ne, da za ku ga mutanen garin nan. A watan Mayu ƙungiyarsu ta ci Chelsea 1-0 ta ɗauki kofin FA karo na farko a tarihinta, da yaranmu biyu a fili, Ndidi da Iheanacho. Har yau ba su gama labarin ba, balle na gasar Firimiya ta 2016. Akwai wani dattijo da muke aiki tare, shi ba ruwansa da kofuna, zancensa ɗaya ne: Gary Lineker. Ɗan garin ne, mahaifinsa ya yi shekaru yana sayar da kayan marmari a babbar kasuwa, kuma yaron ya taya shi tsaron rumfa. Shi ya fi kowa cin ƙwallo a Kofin Duniya na 1986, guda 6, har ya yi ritaya ba a taɓa ba shi katin gargaɗi ba. Amma dattijon in zai ba ka labari daga rumfar yake farawa, yana cewa uwarsa a wurinsu take sayen tuffa. Na lura wannan ya fi masa daɗi a kan duk ƙwallayen.

Da suka ji daga Kano nake, sai suka ɗauko Ahmed Musa, wai bai taɓuka musu komai ba da suka sayo shi daga CSKA Moscow a 2016. Tsakani da Allah bai yi tashe a nan ba, benci ya fi dumamawa. To amma ba a gabana ba. Na ce su tambayi Ajantina biyun da ya zura musu a 2014, su tambayi Iceland biyun 2018, sannan mu yi magana. Na ƙara musu da cewa kafin su san sunansa ya ci 18 a kaka ɗaya da rigar Pillars, kuma bana ma ya dawo ya saka ta na ɗan lokaci kafin ya wuce Turkiyya. Yaya zai ce ai ɗan Jos ne. Mun ji, can aka haife shi, amma Ƙofar Mata ce ta fito da shi.

Ni dai in aka bar ni da zaɓi, Rabi'u Ali Pele ne nawa. Ba wanda ya san shi a nan, na gaji da bayani. Mutumin da ya zauna gida shekara da shekaru, aka ɗauki kofin lig da shi sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ga shi har yanzu yana taka leda. Wataƙila don ni na fita ne nake ganin girman wanda ya zauna.

Yaya, don Allah in an samu mai tahowa a haɗo ni da rigar Masu Gida, babba, wadda za ta hau kan rigar sanyi. Zan saka ta na je wurin aiki dattijon nan ya gani.

Ranar Lahadi 31 ga wata za a mayar da agogon nan baya da awa ɗaya, don haka ƙarfe tara ɗinku takwas ce a wurinmu, ina hanya ban iso gida ba. Sai a jinkirta kiran zuwa goma. A gaida Goggo da jiki, da su Kawu, da duk mutanen gida. A sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku