Sanarwa ga masu tafiya Zanzibar

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi.

Masu niyyar hutu a tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya a watan Janairu, don Allah kada wani ya ce ai ya saba da zafin Birnin Kebbi. Namu busasshe ne. Na bakin Tekun Indiya kuwa da laima yake zuwa, gumi ba ya bushewa, tun da hantsi riga za ta manne wa mutum a baya. Ku bar shadda mai sitaci a gida, ku ɗauki yadin auduga mara nauyi, a riƙa shan ruwa ko babu ƙishi, musamman dattawa da yara. Daga azahar zuwa la'asar a zauna inuwa.

Kuɗin otal ya haɗa da ɗaki, abinci da abin sha, amma yawon kwalekwale daga aljihunka ne. Yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne, duk da haka irin waɗannan otal suna raba giya, a tambaya kafin a karɓi kofi.

A haɗa katin rigakafin cutar shawara da fasfo. Agogonsu na gaban namu da awa 2, a kula da lokutan sallah.

Mai tambaya ya kira ni kafin Juma'a. Allah ya kai mu lafiya.