Baƙin gilashin mota: ku daina yi mana kuɗin goro, ku gaya mana lamba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Talata daga farko har ƙarshe, ina zaune a bakin rumfata tare da yaran shagona biyu. Sau goma sha ɗaya na buga layinku bai shiga ba, shi ya sa na ɗauki biro. Maganar da baƙonku ya yi, cewa duk wanda ya duhunta gilashin motarsa akwai abin da yake ɓoyewa, ta ƙona mini rai. Abin da ya fi ƙona mini rai kuma, mai gabatarwa bai tare shi ba, sai ma gyaɗa masa murya da ya riƙa yi. Awa guda cur ana ta maganar baƙin gilashi, amma ba a samu mutum ɗaya da ya tambayi abin da kowane mai mota yake tambayata kullum ba: duhun nawa ne ya halatta, daga nawa ne ya zama laifi?

Shekara goma sha shida ke nan ina manna leda a gilashin mota a nan Kano, da ita nake ciyar da iyalina. Duk naɗin ledar da ya shigo hannuna da lamba a jikin kwalinsa: 5, 20, 35, 50, 70. Lambar nan kason hasken da yake ratsa ledar ne cikin ɗari. Mai lamba 5, kashi biyar kacal take bari ya wuce, ko ka kafa goshinka a jikin gilashin da rana tsaka da ƙyar ka ga inuwar mutum. Mai 20 za ka ga motsi amma ba za ka shaida fuska ba. Mai 35, in kana tsaye kusa, za ka ga direba, ka san namiji ne ko mace, ka san mutum nawa ne a gaba. Mai 70 kuwa in ban gaya maka ba ba za ka san an manna komai ba. To ta yaya za a haɗa mai 5 da mai 70 a kwano ɗaya a ce duk masu ɓoye-ɓoye ne? Baƙonku bai san wannan ba, ko kuwa ya sani ya ƙi faɗa?

Akwai ma abin da masu motar kansu ba su sani ba, wanda da kun gayyaci ɗayanmu da ya faɗa wa jama'a kyauta. Gilashin da muke ce wa fari ba duka haske yake bari ya wuce ba, shi ma yana riƙe nasa kason tun daga kamfani. In gilashin yana barin kashi 80 ka ɗora masa leda mai 35, abin da zai shiga motar kashi 28 ne. Mutum ya biya kuɗin 35, yana yawo da 28 bai sani ba. Wani kuma sai ya zo da tsohuwar leda a jiki ya ce a ɗora masa sabuwa a kai don kada ya biya kuɗin ɓarewa, ya wayi gari motarsa kamar kogo.

Baƙonku ya yi ta cewa doka ta hana, doka ta hana. Haka ne, ban musa ba. Dokar tun ta 1991 ce, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Ta hana a duhunta gilashin mota ta yadda mutanen ciki ko kayan ciki za su dushe ko su ƙi ganuwa, sai da izinin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, shi ma bisa dalilin lafiya ko na tsaro. Ta sa tarar naira 2,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko a haɗa wa mutum duka biyun. Ɗana da ke karatun lauya ya karanta mini ita layi-layi, na sa ya maimaita. Babu lamba a cikinta ko ɗaya. Dushewa a idon wa? Abin da ya dushe wa mai shekara sittin da magariba fes yake a idon saurayi da hantsi. Da aka bar hukunci a idon wanda ya tsayar da kai, ai an bar shi ne a hannun yanayin da ya tashi da shi ran nan. Daga nan ciniki yake farawa a bakin titi, kuma kowa a garin nan ya san haka, har da ku da ke cikin situdiyo.

A Ingila sun yanke magana: gilashin gaba sai ya bar aƙalla kashi 75 na haske ya wuce, tagogin direba da na gefensa kashi 70, na baya kuma ba ruwansu da shi. A Amurka kusan kowace jiha da tata lambar, amma dai akwai lamba. Jami'i yana ɗauke da 'yar na'ura da ba ta fi wayar hannu ba, ya sauke gilashinka kaɗan ya maƙala ta a baki, lamba ta fito, kai ka gani shi ya gani. Ni talaka ina da irinta a aljihun tebur ɗina, na sa aka kawo mini da kuɗina. Duk motar da na gama sai na gwada a gaban mai ita. In mai rumfa a kasuwa zai iya mallakar ta, me zai hana a raba wa waɗanda ke tsaye a shingayen hanya? Ko da lambar da za a yanke ta yi mana tsauri, ko da ta rage mini ciniki, wallahi na yarda. In dai na san ta, zan yi aiki a kanta in kwana da kwanciyar rai.

Bari in gaya muku wadda baƙonku ya zaga bai sani ba. 'Yar ƙanwata zabiya ce, shekararta tara. In rana ta doke ta na rabin awa, kafin dare wuyanta da kunnuwanta sun yi jajir, washegari fata ta fara saɓa. Idonta ba ya jure haske, in tana mota sai ta cusa kanta a cinyar uwarta tun daga gida har inda za a je. Likitan fata ya gaya wa iyayenta rana ce babbar abokiyar gabarta, kuma su kiyaye don ciwon dajin fata ya fi kama irinsu. Da hannuna na sa wa motar ubanta leda mai 50 a tagogin baya, mai kyau, irin wadda ke tare hasken da ke ƙona fata. Ban taɓa na gaba ba. Ranar da suka fara fita da ita yarinyar nan ta dawo tana ce mini, "Kawu, yau na ga shanu a hanya, na ga jirgin ƙasa." Shekara tara ba ta taɓa kallon hanya ta taga ba.

Ba a yi wata biyu ba aka tare su a wani shinge a hanyar Zariya. Uban ya nuna takardar asibiti, ya nuna yarinyar kanta tana zaune. Aka ce ba takardar da ake nema ba ke nan. Ya ce ya cike ta intanet yana jira, aka ce jira ba izini ba ne. Aka miƙa masa reza, ya tsaya a cikin rana yana kankare ledar da hannunsa, yarinyar tana lulluɓe da mayafin uwarta tana kuka. A daidai lokacin, in ji shi, wasu manyan motoci guda uku suka wuce, baƙi ƙirin har gilashin gaba, ba wanda ya ɗaga musu hannu. Da yamma ya kawo mini motar duk danƙo, rezar ta tsinka siraran wayoyin da ke jikin gilashin baya. Ya ce, "Yaya, ka goge mini kawai, na haƙura." Na goge. Ina gogewa hannuna yana rawa. Me wannan yarinyar take ɓoyewa, Malam Edita?

Kada ku ɗauka ina kare kowa da kowa. Na san masu garkuwa da mutane da masu ƙwacen waya suna amfani da mota mai duhu, na san jami'in da ke tunkarar motar da ba ya ganin cikinta da dare ransa yana hannunsa. Ni kaina akwai abin da ke cina har yau. Shekarun baya wani saurayi ya kawo mini motarsa ya ce yana son wadda ta fi kowacce baƙi, zagaye ɗaya, har gaba. Na san bai dace ba, amma ya ninka mini kuɗi, na sa masa mai 5. Bayan sati uku, da daddare, yana ribas a layinsu bai ga komai ta madubi ba, ya taka ƙafar wani almajiri da ke kwance a gindin katanga. Yaron ya karye. Na je na gan shi a wajen mai ɗori, ban iya gaya wa kowa ni na manna ledar ba. Tun daga ranar ban sake sa wa kowa ƙasa da 35 a tagogin gaba ba, gilashin gaba kuwa ba na taɓa shi ko nawa za a ba ni. Kuma duk wanda ya zo sai na gaya masa ya nemi takardar izini tukuna. Wasu su yi fushi su tafi rumfar gaba. Su tafi.

Abin da nake gaya wa masu zuwa saboda zafi, kuma su ne suka fi yawa, shi ne duhu daban, sanyi daban. Wanda bai taɓa riƙe sitiyari a Kano cikin watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba zai gane dalilin da ya sa mutum ke neman inuwa a motarsa ba. Sai dai baƙar leda mai araha rini ce kawai, haske take ragewa, zafin yana nan yana shiga. Shekara ɗaya biyu ta koma ruwan shuni, ta yi ƙuraje, ta fara ɓarewa daga gefe. Akwai wadda ake ce wa siramik, ta fi tsada, amma mai 70 ɗinta ta fi waccan baƙar tare zafi, kuma kowa yana ganinka. Wannan bayanin minti biyu ne. Da kun yi shi a shirin da dubban mutane sun daina sayen duhun da ba ya amfana musu komai sai jawo tsayarwa a hanya.

Sai kuma motocin da suka zo da duhunsu daga kamfani. Rabin Sienna da manyan jif-jif ɗin da ke shigowa ta Kwatano haka gilasan bayansu suke. Launin a cikin gilashin yake, an dafa shi da shi, ba leda ba ce balle a ɓare. Na ga motar da aka kawo mini duk an zana mata reza ana neman bakin leda, babu. Dokar 1991 ta ce wanda ya sayi irin wannan mota ko ya shigo da ita ya canja gilasan cikin kwana 14. Ku je Ƙofar Ruwa ku tambayi kuɗin gilasan baya na Sienna gaba ɗaya, in ma kun samu farare, sannan ku dawo ku gaya wa malamin makarantar da ya tara kuɗin shekara biyar ya sayi motar kai 'ya'yansa makaranta cewa mai laifi ne.

Takardar izinin ma ai ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A 2021 aka dakatar da bayar da ita. A 2025 aka dawo da ita ta intanet, aka sa ranar fara kame, aka ɗaga, aka sake ɗagawa zuwa 2 ga Oktoba. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta garzaya kotu, aka dakatar da kamen. Duk sanda aka sa rana sai rumfata ta cika da masu cewa a ɓare, in an ɗaga su dawo a mayar. Wani zai ce ai ciniki ne ya buɗe mini. Ba na son irin wannan cinikin, kuɗin mutane ne ke ƙonewa a banza. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ku tambayi baƙonku ba.

Tunda na riga na ɗauki biro, tallan maganin gargajiyar nan da kuke sakawa a tsakiyar shirin ya isa haka. Sau huɗu aka saka shi a daren. Ƙarfe tara yara ba su kwanta ba, mutum yana zaune da 'ya'yansa da surukarsa sai a fara lissafo abubuwan da ko a majalisar maza ana sassauta murya kafin a faɗa. A gida sai in yi wuf in rage murya, kafin in ƙaro an wuce rabin magana. Ku mayar da shi tsakar dare ko ku sa su gyara kalamansu.

Ku sake shirin nan. Ku kira wanda zai iya amsawa daga hukuma, ku kira likitan fata, ku kira ɗaya daga cikinmu masu sana'ar. In kun ga dama ni zan zo da yankan leda guda biyar da na'urata, in jera su a kan tebur, mai gabatarwa ya ɗaga kowacce ya kalli fitilar situdiyo ta cikinta, sannan ya juya ya tambayi baƙon nasa wacce ce a cikinsu ta halatta.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
wani mai sana'ar gilashin mota, Kano